Ranar da Na Shiga Motar Hamidu

Kowace shekara in an turo mana ƴan istaj, wato ɗalibai masu koyon aiki, nakan tambaye su darasin da ya fi sauƙi a lakwal, kuma kusan kullum amsar guda ce: sirrin majiyyaci. Wai ai magana ce ta layi ɗaya, abin da ka gani ko ka ji wurin marar lafiya kada ya fita bakinka. An karanta muku, kun rubuta a jarrabawa, kun ci. To, ku gyara zama. Ni na soma aikin nan ina ƙaramin anfirme, mai allura da wankin rauni, a wani ƙauye gefen Tajaye. Daga baya na koma Yamai na yi karatun dokta, na yi Illela, na yi ƙasar Malbaza, ga ni yau a Ƙonni da furfura har gemu. Ɗinkin rauni cikin ƴan watanni na iya shi. Riƙon sirri kuwa har gobe koyonsa nake.

Mace ta farko da aka bar mini in duba, ba ita kaɗai ta shigo ba. Da uwar mijinta, da ƙanen mijin, da wata maƙwabciya mai goyo, suka cika ɗakin, wanda dama tebur guda da gado guda ne a ciki. Tagar ba gilashi, tana kallon rumfar da mutane ke jira. Na tambaye ta yaushe rabonta da ganin al'ada. Ta sunkuyar da kai. Ƙanen mijin ne ya amsa, ya ce ciwon ciki ne kawai, a ba ta ƙwaya. A ƙasar nan haka ake zuwa gidan likita, kuma ba mugunta ba ce. Wanda ya rako ka ya bar gonarsa ne, ya biɗo amalanke, yana ganin ciwonka nasa ne. Ba ka iya ce masa ya fita kamar kana korar kaza.

Babban anfirmen wurin, Majo Sumana, Bazabarme ne daga wajen Doso, Hausarsa a karkace amma kowa na jinta. Ya leƙo, ya ga halin da ake ciki, sai ya ce wa ƙanen mijin, "Samari, kai ne mai ƙarfi, je ka rijiya ka kawo mana ruwa sabon ɗiba." Ya juya ga tsohuwar. "Inna, rana ta buge ki, zo ki zauna inuwa in auna miki jini." Maƙwabciyar ta bi su da kanta. Kowa ya fita yana jin an girmama shi. Da ɗakin ya rage daga ni sai ita sai ungozomar gidan likitan, matar ta ɗaga kai ta faɗi abin da ke damunta ba wani kewaye. Ruwan da Majo ya aika a ɗebo ba mu da buƙatarsa, randa cike take.

Da za ku tambayi Majo kayan aikinsa, bayan abin auna jini da almakashi da tukunyar dafa allura, zai nuna muku labule, da benci, da rediyo. Labulen atamfa ce mai kauri ninki biyu. Bencin jira ya ja shi daga gindin taga ya kai shi ƙarƙashin dogon-yaro. Rediyon ƙarami ne mai batir, yana ɗora shi bakin taga fuskarsa na kallon waje, don na rumfa su ji labarai da kiɗa, kada su ji na ciki. Mutanen ƙauyen sun ɗauka son kiɗa ne da shi.

Wata ranar kasuwar Tajaye muna tafe tare, muka gamu da wani magidanci da muka yi wa allura jiya-jiya saboda irin ciwon da namiji ba ya son a ji. Majo ya ba shi hannu, ya tambaye shi ruwa, ya tambaye shi ko hatsinsa ya fid da kai, suka rabu. Na ce, "Majo, ba ka ce masa ya jiki ba." Ya ce, "In na ce masa ya jiki, mai goron can da mai gishiri sun san ya zo wurina. Gobe su tambayi matarsa. A waje shi ke farawa. In ya fara, ka amsa a taƙaice. In bai fara ba, ba ka taɓa ganin cikin rigarsa ba." Abin ya yi mini nauyi, don mu an raine mu a kan gaida marar lafiya. An sha ce mini mai girman kai saboda wannan.

Masu tambaya ba sa ƙarewa, kuma yawancinsu mutanen kirki ne. A Illela wani direktan lakwal ya shigo burona, wato ofishina, riƙe da takardar hutun da na rubuta wa wata malamarsa. Ya ce ba ta cika ba, ba a rubuta ciwon ba. Na ce ta cika: takardar hutu tana faɗin cewa mutum ba zai iya aiki ba daga rana kaza zuwa rana kaza, nan ta tsaya. Ya ce shi ne shugabanta, shi zai nemo mai riƙe ajin. Na ce gaskiya ne, kuma duk abin da yake buƙata don neman mai riƙe aji yana cikin takardar. Haka za ku yi da kaftin in ya zo kan sojansa, haka da maigari, haka da kawun da ya sayi magani yana ganin ya sayi labarin tare. Jandarma in sun zo da baki kawai, ku ba su kujera da ruwa, ku ce su kawo takardar shari'a mai hatimi. In ta zo, ku amsa abin da ta tambaya ku tsaya. In ta tambayi zurfin sara, kada ku ƙara da cewa mutumin yana da wani ciwo daban. Miji ma, ko yana tsaye bakin ƙofa, matar ce mai ciwon. Ku tambaye ta tukuna me take so ya sani.

Na taɓa sayen ƙosai bakin hanya wajen Tsarnawa aka naɗe mini shi a takardar gwajin jini, da sunan mutum da na ubansa da ƙauyensa. Mai ya jiƙa rabi, sauran yana karantuwa sarai. Ban san daga inda ta fito ba. Tun ranar, duk inda na riƙe, tsohuwar takarda ko tana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ko tana cikin wuta ina tsaye a kai. Ku kuma naku ya fi namu wuya, don salula na aljihunku. Ka ɗauki hoton ƙafar mutum ka tura wa abokin karatunka don shawara, da kyakkyawar niyya, ga shi a hoton akwai tabon da duk ƙauyensu suka sani. Kafin la'asar ya kai Legas wurin ɗan'uwansa. In dole ne, ka nemi izinin mai ƙafar, ka cire duk abin da zai nuna shi, ka goge in an amsa maka.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce ta amai da gudawa, ina ƙasar Malbaza. Ruwa ya yi yawa, rijiyoyi suka gurɓace. Ɗakuna suka cika, muka kafa tanti, maza gefe mata gefe, tabarma ce kawai tsakani. Irin wannan ciwo doka da kanta ta ce a sanar da hukumar lafiya, kuma daidai ne, don in ba a san inda ya ɓulla ba, ba a tare shi. Muna sanarwa ta hanyarta, ba wanda ya buɗe baki cikin gari. Amma akwai wata mai fura a bakin tasha da ɗiyarta ta kamu. Masu feshi suka je gidanta da farar mota, da takalman roba da safar hannu, rana tsaka, suka fesa suka tafi. Yarinyar ta warke. Furar ce ba ta sake sayuwa ba. Matar ta riƙa zama gaban ƙwaryarta tun hantsi har la'asar, ana gaishe ta daga nesa, ƙarshe ta tattara ta koma wurin danginta. Ba wanda ya karya doka. Daga nan muka zauna da masu feshi muka sauya tsari: mota ta tsaya nesa, a shiga unguwa a ƙasa, a fesa gidan da abin ya shafa tare da na maƙwabta, a ce rigakafi ne na unguwa, wanda kuma gaskiya ne. Littafinku bai ce komai kan inda za a tsayar da mota ba.

Abin da nake so ku fi riƙewa shi ne maganar wani direba. Na nemi izininsa kafin in riƙa ba da labarin, ya yarda bisa sharaɗin in sauya suna in ɓoye gari. Ku kira shi Hamidu. Yana da motar haya tasa ta kansa, yana ɗaukar mutane da kaya daga ƙauyukan gefen Dogarawa zuwa Ƙonni. Mutum ne mai natsuwa, tsofaffi sukan jira motarsa ko da wata ta riga shi lodi.

Matarsa Hajara ce ta kawo shi wata safiya, hannunsa na dama ya ƙone. Ta ce ya faɗa kan murhun shayi. Ina wanke ƙunar na lura yana magana da kyar. Na ce ya buɗe baki, na ga gefen harshensa a tsage, irin cizon da mutum ba ya yi wa kansa yana cikin hayyacinsa. A ƙeyarsa akwai tsohon tabo. Na ce wa Hajara ta je farmasi ta karɓo bandeji. Ta dube ni, ta dubi mijinta, ta ce, "Dokta, bar ni nan. Ni ka riƙe shi in abin ya taso." Na tambaye shi, ya ɗaga kai alamar ta zauna.

A hankali labarin ya fito. Shekarun baya ya yi hatsari, kansa ya bugu, ya kwanta ya tashi. Tun bara abin ya soma. Sai ya ji wari kamar na ƙonanniyar roba, sai ya farka a ƙasa jiki duk ciwo. Ya faɗi a ɗaki, ya faɗi a bayan gida, yanzu ga murhu. Sun yi rubutu, sun yi hayaƙi, kuma ba wanda ya sani sai su biyu. Na ce masa farfaɗiya ce, daga tabon da bugun ya bari cikin kai, kuma tana da magani, ƙwaya ƙarama da ake sha kullum ba fashi.

Ya kama ni da hannunsa mai lafiya. "Dokta, don Allah don Annabi, kak kowa shi ji. Ka san mutanenmu. In anka ji, ba mai sake cin tuwo akushi guda da ni. Ɗiyana ba mai wasa da su."

Gaskiya ya faɗa. Har yau akwai masu cewa yawun mai farfaɗiya yana sa wa wani, in ya faɗi sai a watse a bar shi yana bugun ƙasa.

Na ce, "Malam Hamidu, daga bakina ba mai ji. Haƙƙinka ne ko ba ka roƙa ba. Amma akwai magana ta biyu. Ba ka sake tuƙi."

Ya saki hannuna. "In ci mi?"

"Ban sani ba tukuna. Abin da na sani, in ya taso maka kan kwalta da mutane cike a baya, ba kai kaɗai za a ɗauko ba."

"Ina jin warin kahin shi zo. Sai in tsaya gehe."

"Da ka ji warin ɗazu, ka samu ka matsa daga murhu?"

Hajara ce ta ce, "Na hwaɗa mai, Dokta. Kullum shi hita, ba ni iya cin abinci sai ya komo."

Ya yi alkawarin ajiye tuƙi. Na ba shi maganin, na ce ya riƙa dawowa.

Nan ne layin nan ɗaya da aka karanta muku a lakwal ke ƙarewa. Yadda aka koya mana, ba ni da izinin in je wurin shugaban direbobi ko jandarma in ce wane ba ya iya tuƙi, don farfaɗiya ba ta cikin cututtukan da ake sanarwa. Na buga wa wani tsohon malamina waya a Yamai, ban faɗi suna ko gari ba, na ba shi labari. Ya ce, "Ba ka da komai sai bakinka, kuma shi kaɗai za ka yi wa magana da shi. Ka yi ta yi." In na tona shi, duk wani direba ko mai kabu-kabu da ke jin irin wannan wari ba zai sake taka gidan likita ba, zai ci gaba da tuƙi ba magani. In na yi shiru kuma, ga mota cike da mutane. Hamidu ya dawo sau ɗaya ya ce maganin na sa shi barci, daga nan ya ɗauke ƙafa.

Wata safiya da hantsi na fito a babur ɗin aiki za ni taro Malbaza, hanyata ta bi ta tasha. Sai ga motar Hamidu ana lodi. Buhunan wake a sama, awaki a ɗaure, ciki mata da ƙwarya da goyo. Hamidu na zaune a mazaunin direba, hannunsa da sauran bandeji a kan sitiyari.

Na ajiye babur gindin wata bishiya na taka zuwa motar, ban tsara abin da zan yi ba. Mutane suka yi ta gaisuwa, "Dokta, ina zuwa?" Na ce Ƙonni. Ɗan kamasho ya mai da wani fasinja baya ya ba ni gidan gaba don girmamawa. Na shiga na zauna kusa da Hamidu, na ja ƙofa.

Ya dube ni, ya dubi gaba. Injin na aiki. Ya yi ƙasa da murya yadda na baya ba sa ji. "Dokta, ina babur ɗinka?"

"Yana can. Yau mota nake so."

"Sabka, don Allah."

"Don me? In ta yi wa waɗannan, ni ma ta yi mini."

"Tona ni za ka yi."

"Na ce maka daga bakina ba mai ji, kuma ban sauya ba. Zama kawai zan yi nan har Ƙonni. Kana shan maganin?"

"Shina sa ni kwana bisa hanya. Na aje shi."

Wata mata daga baya ta ce, "Malam Hamidu, rana tana yi, mu tahi mana." Ya daɗe yana kallon madubin da ke nuna fuskokinsu. Sai ya kai hannu ya kashe injin. Ya fita, ya sunkuya wajen taya yana taɓe-taɓe, ya ɗago ya ce wa ɗan kamasho burki ba ya kamawa yadda yake so, ba zai ɗauki rayukan mutane a haka ba. Aka yi ta tsaki ana sauke buhuna, aka mai da fasinja wata mota. Ni ma na bi su har Ƙonni, don na riga na ce can za ni. Taron Malbaza aka yi shi ba ni, na sha faɗa a kai, kuma ban iya ba da dalili ba.

Motar ta zauna a ƙofar gida. Ba a jima ba sarkin tasha, Alhaji Bube, ya zo burona. Dattijo ne, shi ya koya wa Hamidu mota. Muka gaisa, ya ce, "Dokta, makaniki ya duba burkin nan, lahiya lau shike. Kai ka shiga motar, yaro ya kashe ta. Mi ka damun ɗana?"

Na ce, "Alhaji, ba na magana kan wanda ya zo wurina. Ba na ma faɗin wa ya zo wa bai zo ba."

"Ni na ubanai a tashar ga. In cutar zamani ta, hwaɗa min in san yadda ni ka yi."

"Ko ciwon kai ne ba zan faɗa ba. In kai ne ka zo, haka zan yi maka. Ga shi can gidansa, ka tambaye shi."

Ya tashi ransa a ɓace, ya ce boko ya ɓata mu, ba mu san girman manya ba.

Ku kuma lura da abin da shirun ya jawo. Tun da ba a san komai ba, gari ya ƙirƙiri nasa. Aka soma raɗa cewa cutar zamani ce ta kama Hamidu, matan unguwa suka rage shiga wurin Hajara. Ban je gidansa ba, don dokta a ƙofar gida shela ce. Ranar da Hajara ta kawo autanta rigakafi na ce ta gaya masa ina son ganinsa duk ranar da ya ga dama. Ya zo, ya rame, bai ba ni hannu ba. Ya ce, "Ka kashe min sana'a, ga shi abin da ni ka gudu ya same ni ta wata ƙohwa."

Na ce na ji. Na mai da masa shan maganin zuwa lokacin kwanciya, don barcin ya faɗa inda ya dace. Sannan na ce, "Sirrin naka ne, kai ke da ikon buɗe shi ga wanda ka so. Kai da Hajara kun gaji da ɗaukarsa. Zaɓi mutum ɗaya da zai iya yi maka wani abu. Ka faɗa masa da bakinka a ɗakin nan, ni kuma in yi masa bayanin ciwon in ka ba ni izini."

Ya tashi ya tafi. Sai da aka kusa yankan hatsi ya dawo, Alhaji Bube na biye da shi.

Hamidu ya faɗa yana kallon ƙasa. Alhaji ya ɗan ja kujerarsa baya. Na gani, Hamidu ma ya gani. Na ce, "Malam Hamidu, in yi bayani?" Ya ce in yi. Na gaya wa Alhaji cewa daga tsohon hatsarin nan ne, ba iska ba ce, ba a ɗauka ta yawu ko ta kwano. In ya faɗi a kwantar da shi ta gefe, a kare masa kai, kada a sa masa komai a baki. Akwai moɗa a kan tebur. Na miƙa wa Hamidu ya sha, na karɓa na shanye ragowar, Alhaji na kallo. Can ya ce, "Shi ke nan? Wanga na kunka ɓoye min?" Ya juya ga Hamidu. "Da ka kashe min mutane bisa hanya, da wane ido ni ka duban garin ga?" Ya yi masa faɗa sosai irin na uba, har sai da na ce ya isa.

Alhaji ya nemo wani ɗan ƙanensa mai takardar tuƙi ya riƙa jan motar. Hamidu kuma, Alhaji ya ba shi teburin tasha, yana tsara layin motoci yana raba faɗan direbobi. Ga masu tambaya, Alhaji ya ce tsohon bugun kai ne ya taso, an hana shi tuƙi, ya tsaya nan. Raɗar ta mutu a hankali. Abin da ke shiga gidan bai kai na da ba, ko kusa, Hajara ta soma dafa shinkafa da wake tana sayarwa. Hamidu ya daɗe ba ya gaishe ni in mun haɗu a waje. Amma bai sake ajiye maganin ba, Alhaji ne ke tuna masa.

An yi damina biyu ko uku lafiya. Sai wani lokaci ƙwayar ta yanke mana, kafin a kawo daga birnin Tawa abin ya taso masa tsakiyar tasha, ranar kasuwa. Ba na wurin, waɗanda suka gani ne suka cika gari da labarin. Ya faɗi gefen teburinsa, mutane suka watse, wata tana ihu a kauce wa yawun. Alhaji Bube da tsufansa ya durƙusa, ya kwance rawaninsa ya sa masa ƙarƙashin kai, ya juya shi ta gefe, ya share masa baki da hannun rigarsa. Da ya dawo hayyacinsa aka kawo fura. Alhaji ya ba shi ludayi ya sha, ya karɓi ludayin ya sha da shi gaban kowa, ya ce wa masu kallo, "Wanda ba shi da aiki shi tsaya, mai aiki shi koma bakin motatai." Washegari Hamidu ya koma teburinsa. Wasu sun ƙaurace masa, har yau akwai su. Yawancin direbobi sun ci gaba da sa hannu kwano ɗaya da shi.

A cikin makon da abin ya faru na je sayen nama. Mahauci yana yanka yana cewa, "Dokta, ashe Hamidu hwarhwaɗiya gare shi! Duk gari ya gani. Kai ka daɗe da sani, ko?" Waɗanda ke tsaye wurin suka juyo suna jiran amsa.

Na ce, "Sa mini ta wajen cinya, kuma ka rage kitsen."

Ya dube ni, ya ɗan jira, sai ya ɗauki wuƙarsa.